Cefanen mako a Kano: a tambayi kasuwa kafin a ɗora tukunya

Kafin gari ya gama wayewa, motoci sun riga sun juya baya suna sauke kaya a kasuwar Yankaba. In a watan Fabrairu ne, da ƙyar za ka sami wurin sa ƙafa. Kwandunan tumatir ne a jere, an rufe bakinsu da takarda an ɗaure da igiya. Ga buhunan tattasai da attaruhu, ga tulin kabeji, ga karas da ganyensa, da sauran danshin ƙasar lambu a jikinsa. 'Yan dako na ta neman a ba su hanya. Dillali na kwance kwando yana nuna wa ɗan sari na sama, ɗan sarin kuma yana cusa hannu ya lalubo na ƙasa. Wanda ya fashe a watsar gefe, har ƙasar wurin ta yi ja. In ka taya, da wuya ka ji "albarka" sau biyu, domin mai kaya ya san da zarar rana ta take, abin da ke gabansa ya fara zama ruwa.

Ka dawo wurin nan a watan Yuni. Kwandunan sun janye, masu saye sun fi kayan yawa, kuma mai kaya ne ke ɗaga kai yana kallon wani wajen in ka taya. A bakin layin unguwa, mai kayan miya zai kasa maka ƙananan tumatir huɗu ko biyar, rabinsu ba su gama nuna ba, a kan kuɗin da suka cika maka roba watanni huɗu da suka wuce. Gyara kuwa kada ma ka tambaya.

Duk Bakano ya san wannan. Abin mamaki shi ne yadda gidaje da yawa ke girki kamar ba su sani ba. Jar miya a Fabrairu, jar miya a Yuni, shinkafa da taliya kullum, kuɗin cefane kuma ba su motsa ba. Daga nan ƙananan maganganu ke tashi. Maigida ya ce, "Ai abin da na saba bayarwa ke nan." Uwargida ta ce, "Malam, kuɗin ne suke nan yadda suke, kasuwa ta bar su a baya." Kowa da gaskiyarsa, amma miya ta tsinke. A ganina, mafi yawan wannan damuwar ba ta rasa nasaba da yadda muke tsara girki a baibai: mu yanke abin da za mu ci, sannan mu tafi kasuwa mu nemo shi ko nawa ne. Iyayenmu a ƙauye ba haka suke yi ba. Abin da gona da kasuwar mako suka kawo, shi ke faɗin abin da za a tuƙa da abin da za a kaɗa.

Dalilin da tumatir ke zuwa ya tafi

Tumatirin da ke cika Kano a lokacin sanyi na noman rani ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Ana shuka bayan ɗaukewar damina, a fara tsinka sosai daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kasuwar Kwanar Gafan ke cika da manyan motocin da ke lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Kowa ya shuka lokaci ɗaya, kowa ya tsinka lokaci ɗaya, shi kuwa tumatir ba ya jira. Shi ya sa farashi ke faɗuwa har wani lokaci manomi ya rasa kuɗin kwando da na mota.

Da bazara ta kankama, zafi na kakkaɓe furen kafin ya ƙulla 'ya'ya. A wannan zafin ne kuma tsutsar da manoman Kano ke kira sharon ke samun yadda take so. A 2016 ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa niƙa tan 1,200 a rana, ta tsaya ba da jimawa da buɗe ta ba saboda rashin kaya. A 2024 an sake shiga irin wannan tsadar, ga shi kuma an cire tallafin man fetur tun watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando. A tsakiyar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mata suka koma markaɗa karas suna haɗawa da tattasai don miya ta yi ja.

Ba laifi ba ne dabarar karas, amma ta nuna yadda jar miya ta kama mu. A daidai watannin da tumatir ke gudu, ƙasa na fito da wani arzikin da ba ya buƙatarsa.

Kowane lokaci da abin da yake kawowa

Ruwa na sauka sau biyu uku, ganye ya ɓarke. Alayyahu, yakuwa, rama, zogale, tafasa, lalo, karkashi, duk a damina suke araha, wasu ma a bayan gida suke tsirowa ba wanda ya shuka. Kuɓewa ɗanya na biyo baya. Shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, don haka nono da man shanu na yalwata, ƙwan zabi kuma na shigowa daga ƙauyuka a ƙwarya. Cikin marka ga ɗanyar masara ta gashi da ta dafuwa, ga ɗanyar gyaɗa, ga dankalin Turawa daga Filato. Ba a banza ake cewa damina uwar albarka ba. Sai dai a lokacin ne hatsi ke tsada, domin rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai iso ba. Wato damina lokacin rage yawan tuwo ne a ƙara yawan ganye: fate, dambu, kwaɗo.

Kaka ta juya lissafin. Gero ne ke fara shigowa wajen Satumba, sai gyaɗa da wake da masara, dawa ta zo daga baya wajen Nuwamba zuwa Disamba. A kasuwar Dawanau farashin kwano na sauka. Sabuwar doya na zuwa daga Binuwai da Neja, kabewa kuma ta cika kasuwa, ita da ke iya yin watanni a ƙarƙashin gado in ba a fasa ta ba. Wannan ne lokacin miyar taushe ta gaske, kabewa sabuwa, gyaɗa sabuwa. Albasa ce kawai ke baƙin jini a lokacin, domin tsohuwa ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Daga Oktoba zuwa Disamba ƙwaya ɗaya na iya sa mutum ya tsaya tunani. Lawashi na rufa asiri.

Hunturu na kayan lambu ne: tumatir, tattasai, karas, kabeji, latas, koren wake, dankalin Hausa, rake, da lemon Binuwai da ke cika kasuwar 'Yan Lemo. Albasa na sauka daga Fabrairu, lokacin da ta Aleiro da ta Sakkwato da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar ke fitowa. Bazara kuwa ba ta da yawan abin miya, amma tana da mangwaro da kankana, kuma ita ce lokacin da busassun kaya ke nuna amfaninsu.

Mako ɗaya a watan Yuli

Sanin kalandar shekara rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne jera kwanakin mako, kuma ƙa'idarsa guda ce: abin da ya fi saurin lalacewa shi ake fara ci. Masu sana'ar sun riga sun raba kayan, suna ce wa masu saurin ruɓewa kayan gwari. A cikin kayan gwarin ma akwai na kwana ɗaya, akwai na kwana biyar.

A ɗauka an yi cefane ranar Lahadi a tsakiyar damina. An sayo alayyahu dami biyu, zogale, yakuwa, rama, kuɓewa ɗanya, attaruhu, albasa, ɗan tattasai, ƙuli-ƙuli, da nama ko busasshen kifi gwargwadon hali. Alayyahu ba ya kwana biyu da mutunci, don haka daren Lahadin nan tuwo ne da miyar ganye, a sa gyaɗa ta yi kauri, ba a nemi tumatir ba. Zogalen a tsige shi a daren, a dafa, a tsane. Litinin da rana a yi dambu da shi, abin da ya rage a kwaɗa wa yara da ƙuli da albasa da ɗan mai. Kuɓewa na iya kai wa Talata in ba a wanke ta ba aka baza ta a faifai inda iska ke bi; ranar a goga ta a yi miya, a sa daddawa da kifi. Yakuwa da rama sun fi juriya, su ne na Laraba, a yi faten tsaki mai ɗan tsami wanda ke shiga jiki ranar da hadari ya haɗo. Daga Alhamis an koma kan abin da ba ya ruɓewa: shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗan wake da dafaffen ƙwai. Juma'a ranar marmari ce a gidaje da yawa, to a nan ne za a fito da jar miya, a jiƙa kauɗar tumatir da aka ajiye tun sanyi, a haɗa da tattasai a markaɗa. Asabar kuka na nan, ba ta taɓa ba da kunya ba, kuma ɗumamenta ya wadatar da karin safiyar Lahadi.

Jar miya sau ɗaya ke nan a mako, a watan da tumatir ya fi tsada, kuma ba wanda ya kwana da yunwa ko ya ci abu ɗaya kwana biyu a jere. Yaran da suka saba da taliya za su yi ƙorafi a makon farko. Wannan ba dalilin fasawa ba ne. Ganye da wake da gyaɗa sun fi jar miyar da aka tsinka da ruwa aka cika da dunƙulen ɗanɗano gina jiki, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa. Abin lura kawai shi ne kada a kashe ganyen da yawan kanwa da doguwar dahuwa.

A Fabrairu jerin na sauyawa amma ƙa'idar tana nan. Latas ranar da aka sayo shi, tumatir masu laushi a markaɗa a daren, masu tauri a baza su, kabeji da karas su kai ƙarshen mako, dankalin Hausa ya tsallaka zuwa wani makon. Markaɗe sau ɗaya ya isa: a kai inji, a dawo a tafasa har ruwan ya tsotse, a soya da mai, a riƙa ɗiba da busasshen cokali ana ɗumama shi kullum. An rage kuɗin inji, an rage gawayi ko gas, an rage aiken yara. Sai dai duk abin da za a ci ɗanye, latas ne ko kabeji ko tumatir na kwaɗo, a wanke shi da kyau da ruwa mai tsabta da gishiri ko ruwan kal. Wasu lambunan cikin birni da ruwan kogin Jakara ake ba su, kuma kowa ya san abin da ke kwarara cikin Jakara.

Mai zuwa kasuwa daban, mai girki daban

Akwai wata matsala da ta fi ta farashi, wadda ba a cika faɗa ba. A gidaje da yawa a Kano namiji ne ke cefane, mace ke girki. Wanda ya ga kasuwa bai san tukunya ba, wadda ta san tukunya ba ta ga kasuwa ba. Sai ta rubuta masa tumatir, ya je ya tarar kuɓewa ce ke zube ana neman mai saye, amma ya wuce ta ya sayo tumatirin da aka ce. Ko kuma ya ga kabeji ya yi araha ya ɗauko guda biyar, alhali gidan ba a cin fiye da ɗaya a mako, sauran su ruɓe a bayan ƙofa.

Maganin wannan bai wuce kiran waya na minti biyu daga cikin kasuwa ba. Ya faɗa mata abin da ya yi yawa yau da abin da ya yi tsada, ita kuma ta sauya lissafi nan take. Takardar cefane ta fi amfani in an rubuta "ganye kala biyu, duk wanda ya fi kyau" maimakon a ɗaure mutum da suna ɗaya. Kuma ina ganin ya kamata magidanta su daina ɗaukar sanin kayan miya a matsayin abin kunya. Mutumin da ya san kuɓewa mai kyau ita ce wadda bakinta ke karyewa ɗas in ka lanƙwasa, ya san albasa mai ajiyuwa ita ce mai busasshen wuya, ya fi ƙarfin a cuce shi, kuma ya sauƙaƙa wa matarsa rabin wahala.

Inda ake saye ma na da tasiri. Kaya na bin hannu uku ko huɗu kafin ya iso teburin unguwa, kowane hannu da ribarsa. Yankaba da sassafe ta fi bakin layi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda harkarsa ke bi ta kasuwannin ƙauye kuwa ya fi kowa morewa: Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, Ladin Makole, Larabar Abasawa, ko Maigatari ranar Alhamis in tafiya ta kai shi Jigawa. A can ne za ka sayi daddawa daga hannun wadda ta yi ta, kuka daga wadda ta daka ta, zabo daga wanda ya kiwata shi. Amma a yi lissafi da gaskiya. Da tsadar mota ta yau, wanda ya tashi takanas daga Kano zuwa Wudil don cefanen gida ɗaya ya ci ribarsa a hanya.

Ajiyar da ke ciyar da watan tsada

Jar miyar Juma'ar Yuli ba za ta yiwu ba sai an yi mata tanadi a Fabrairu. Firji ba abin dogaro ba ne inda wuta ke zuwa in ta ga dama, amma muna da abin da ya fi shi: rana da busasshiyar iskar hunturu. A sayi tumatir lokacin da ya faɗi, a yanyanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta ko faranti a saman wani abu, a rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a bar shi ya bushe ƙayau kafin a ɗure. Kauɗar gida ta fi ta kasuwa, domin da yawan ta kasuwa a ƙasa ake shanya ta a gefen titi, shi ya sa ake jin yashi a miya. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu a sanyi, kuɓewa a ƙarshen damina. Ganye irin su zogale da yakuwa kuwa a inuwa ake shanya su don kada su ƙone su rasa launi.

Wake a saye shi da kaka. Abin da ke hana mutane shi ne ƙwari, abin da ke ba da tsoro kuma shi ne maganin da wasu 'yan kasuwa ke zuba masa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a yankinmu tun 2007, na kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Jarka mai murfi da aka cika taf aka toshe tana yin aiki irin wannan. Gyaɗa da masara kuwa a tabbata sun bushe sosai, wadda ta yi fumfuna a zubar, domin gubar da ke cikinta na taɓa hanta.

Don kayan mako kuma akwai dabarar da aka yaɗa daga ƙasar nan. Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Dutse, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan na tsotsewa yana janye zafi daga ciki. Rahotannin lokacin sun ce yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahu ya kai kwana 12. Tana aiki sosai a rani, ba ta da ƙarfi a damina saboda laimar iska. Abin takaici ne a ce an san wannan dabara a ƙasashen waje, amma gidaje kaɗan ne a Kano za ka shiga ka gan ta, alhali masu ginin tukwane na nan da ransu.

Duk wannan bayani na da sauƙi ga mai albashi. Mai tura kura da mai facin taya da magini kullum suke samu, kullum suke cefane, kuma su ne ke sayen komai a mafi tsadar farashi, kashi-kashi, ƙulli-ƙulli. Ce musu su sayi kwando a Fabrairu rashin sanin halin da suke ciki ne. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne a faɗaɗa al'adar watanda. Yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama, haka gida huɗu ko biyar za su iya haɗuwa su sayi kwandon tumatir ɗaya ko buhun albasa, mutum ɗaya ya je, a raba kuɗin mota, a kasa a tsakar gida. Matan da ke adashe kuma na iya daidaita kwasarsu da kaka ko da tsakiyar sanyi, kuɗin su faɗa kan wake da gero da kayan shanya.

Azumi na da nasa lissafin, domin watan na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, yana ratsa lokutan nan ɗaya bayan ɗaya. A 2016 an ɗauki azumi a farkon Yuni, daidai lokacin da sharon ta gama da gonaki, aka sha ruwa da miyar da ba ta ga tumatir ba. A 2025 an ɗauka a farkon Maris, kayan miya na zube. Shekaru masu zuwa zai ci gaba da shiga cikin sanyi, Fabrairu zuwa Janairu, don haka mai shirin buɗa-baki ya sa ransa a kan lemo da kankana da karas da kabeji da dankalin Hausa, ya sayi geron kunu da waken ƙosai tun da kaka kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshin watan. Mangwaro kuwa sai bayan salla.